Yadda Za Ka Zaɓi Kayan Gina Fuskar Manhajar Ƙera Sauti

Wanda ya zauna zai rubuta manhajar ƙera sauti, wato sintesaiza irin wadda furodusa ke buɗewa a kwamfuta ya haɗa kiɗa da ita, yakan ɗauka lissafin sautin ne zai cinye masa lokaci. Lissafin na da wuya, babu musu. Amma da zarar injin ya fara amo, sai wani aiki ya taso wanda sau da yawa ya fi na farkon tsawo, wato fuskar da mutum zai gani ya taɓa: maɓallan murɗawa da na ja, mitar ƙarfin sauti, zanen igiyar sauti mai motsi, jerin sautukan da aka adana. Ga shi kuma ana so fuskar ta yi aiki a Windows da macOS da Linux ba tare da an rubuta ta sau uku ba. Shi ya sa ake neman kayan gini, tarin kod da wasu suka riga suka rubuta, mai buɗe taga, ya yi zane, ya saurari linzami da kibod a kowane tsari.

Kayan suna da yawa, kowanne da masu yaba shi. Kafin ka saurari yabon kowa, akwai tambaya ɗaya da za ta rage maka rabin jerin.

Da gidanta take, ko baƙuwa ce?

Manhajar sauti iri biyu ce. Akwai mai zaman kanta, wadda ake danna tambarinta ta buɗe tagarta, kamar Audacity ko Pure Data. Akwai kuma fulogin, wanda ba ya tashi shi kaɗai sai an loda shi cikin babbar manhajar haɗa kiɗa irin su FL Studio, Cubase, REAPER ko Ableton Live. Yawancin sintesaiza na zamani fulogin ne, domin a can furodusa ke aiki. Steinberg na Jamus ya fito da tsarin VST a 1996, sigar da ta kawo kayan kiɗa ta biyo a 1999, VST3 kuma a 2008. Apple na da nasa AU, Pro Tools na da AAX, mutanen Linux na da LV2, a 2022 kuma Bitwig da u-he suka ƙaddamar da CLAP.

Fulogin baƙo ne a gidan wani. An ba shi ɗaki, amma ba shi ke buɗe ƙofar gida ba, ba shi ke cewa a kashe fitila ba, kuma akwai wasu baƙin a ɗakunan da ke kusa waɗanda bai san halinsu ba. A aikace ga abin da hakan ke nufi: mai masaukin ita ke riƙe da babban zagayen da ke karɓar kowane danni da kowane motsi na linzami, ita ke ba ka taga ta ce ka zauna a ciki, kuma kod ɗinka da na sauran fulogin duk a ma'adana ɗaya suke zaune. In naka ya faɗi, a manhajoji da yawa waƙar mutum gaba ɗaya ta faɗi tare da shi.

Manyan kayan gini na gama-gari, Qt da GTK da wxWidgets, an tsara su ne bisa zaton su ke da gidan. Qt yana son QApplication guda ɗaya tak a cikin manhaja. To idan mai masaukin da Qt 5 aka gina ta, kai kuma ka zo da Qt 6, ko wani fulogin ya riga ka shigowa da tasa sigar? Sunayen ayyukan cikin kod sukan yi karo, komai ya rushe, kuma ba lallai a gane laifin wa ba ne. GTK ya fi tsanani: sigarsa ta 2 da ta 3 ba sa zama cikin manhaja ɗaya kwata-kwata. Mutanen Linux sun sha wannan wahala shekaru, har David Robillard ya rubuta wani ɗan kod mai suna suil don kawai ya riƙa naɗe fuskar da aka yi da kayan gini ɗaya a cikin tagar wani. A macOS ma akwai irin wannan tarko, don sunayen rukunan Objective-C na kowa da kowa ne a cikin manhaja, fulogin biyu masu suna iri ɗaya sai ɗaya ya hau kan ɗaya. Kayan ginin JUCE, wanda za mu zo kansa a gaba, yana kauce wa wannan ta hanyar ƙirƙirar sunayen da ba sa maimaituwa a lokacin da ake loda shi.

Saboda haka hukuncina a nan babu kwana-kwana. Idan fulogin za ka yi, ko kana jin wata rana za ka so ka yi, cire Qt da GTK da wxWidgets daga lissafi tun yau. Idan kuwa manhajarka da gidanta take, ƙofa a buɗe take, kuma Qt ne gaba. Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng suka fitar da shi a Norway a 1995, kuma LMMS, Qtractor, Hydrogen, Mixxx, MuseScore da Sonic Pi duk da shi suka yi fuskarsu. Ko Audacity, da ta daɗe a kan wxWidgets na Julian Smart, masu kula da ita sun sanar cewa sigarta ta 4 Qt za ta koma. Ardour ta Paul Davis kuwa ta tsaya a GTK 2 har bayan masu shi sun daina kula da shi, sai a 2024 ta ɗauke kod ɗin ta mayar da shi cikin nata tana gyara da kanta. Ƙaramar tawaga ba za ta iya wannan ɗawainiya ba.

Sauti ba ya jira

Abu na biyu ya shafi kowane kayan gini, kuma shi ne wurin da na fi so mai karatu ya daɗe. Katin sauti yana cin lambobi 48,000 a kowace daƙiƙa, ko 44,100. Ba ɗaya-ɗaya ake miƙa masa ba, ƙunshi-ƙunshi ne. Idan ƙunshin na lambobi 128 ne, injinka na da kusan milisakan 2.7 ya cika shi, daga nan a sake neman wani, haka har a rufe manhaja. Allo kuwa yakan sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, wato milisakan 16.7 kowane zane. In fuska ta makara da zane ɗaya, ido da wuya ya lura. In sauti ya makara da ƙunshi ɗaya, kunne zai ji ƙas, kuma in ana ɗaukar murya a lokacin, ƙas ɗin na iya shiga cikin abin da aka naɗa.

Don haka sauti ke da nasa zaren aiki, fuska ke da nata, kuma dokar ita ce zaren sauti ba ya jiran kowa. Ba ya neman sabon wuri a ma'adana, ba ya karanta fayil, ba ya tsayawa a bakin kwaɗon da fuska ta kulle, ba ya kiran ko da aiki ɗaya na kayan ginin fuska. Wannan na ƙarshen shi ke kama sababbin hannu: ana so mita ta motsa, sai a ce daga cikin zaren sauti a sake zana ta. Hanyar da ta dace ita ce zaren sauti ya ajiye lambar ƙarfin a wani gurbi na atomik ya wuce abinsa, fuska kuma ta leƙa gurbin da agogonta sau 30 ko 60 a daƙiƙa. Idan bayanin mai yawa ne, kamar zanen igiyar sauti, sai a yi amfani da layi mai zagaye marar kwaɗo, ɗaya na zubawa ɗaya na kwasa. In layin ya cika, a zubar da bayanin zane. Sauti dai ba a taɓa shi.

Akwai waɗanda suka kai rabuwar nan ƙarshe. Miller Puckette ya raba Pure Data gida biyu tun a shekarun 1990: injin da aka rubuta da C, da fuskar Tcl/Tk, manhajoji biyu daban masu magana ta hanyar soket. SuperCollider ta James McCartney haka take, injinta na karɓar umarni ta saƙonnin OSC. Amfanin ya fito fili a ZynAddSubFX, wadda Paul Nasca ya fara da fuskar FLTK a 2002. Da Mark McCurry ya raba injin da fuska ta OSC, sai ya yiwu a ɗora mata sabuwar fuska gaba ɗaya a 2016 ba tare da an sake rubuta sautin ba. Surge ma, wadda Claes Johanson ya saki kod ɗinta ga jama'a a 2018, ta tashi daga kayan ginin VSTGUI ta koma JUCE, ta fito da sunan Surge XT a farkon 2022.

Ba sai ka kai ga manhajoji biyu ba. Abin da ya wajaba shi ne injinka ya zama kod mai zaman kansa wanda bai san sunan kayan ginin fuska ba ko a layi ɗaya. Tsakaninsu jerin ma'aunai ne kawai, kowane da lambarsa, da sunansa, da ƙimarsa daga 0 zuwa 1. Kuma kada ka ajiye komai na halin sautin a cikin fuska, domin mai masauki na rufe tagar fulogin ta rusa fuskar alhali kiɗan na ci gaba. Wanda ya raba injin da fuska haka, in zaɓinsa na kayan gini ya zo da matsala bayan shekara biyu, fuska kaɗai zai sake.

Waɗanda aka yi domin wannan aiki

JUCE shi ne babban layi. Julian Storer ya ciro shi daga kod ɗin manhajarsa Tracktion ya sake shi a 2004, kamfanin ROLI ya saye shi a 2014, PACE ya karɓa a 2020. Ba fuska kaɗai yake ba ka ba. Ka rubuta kod ɗaya da C++, ya fitar maka da VST3, AU, AAX, LV2 da manhaja mai zaman kanta, har da Android da iOS. Yana zana komai da kansa, shi ya sa fuskar ke zama iri ɗaya a ko'ina. Dexed, Vital da plugdata duk 'ya'yansa ne. Babbar fa'idarsa a wurina ba a cika ambatarta ba: dubban mutane sun riga ka cin karo da halayen kowace mai masauki, an gyara, an rubuta. Ranar da fulogin ɗinka ya ƙi karɓar rubutu a wata manhaja, akwai yiwuwar wani ya riga ya yi tambayar an ba shi amsa.

Farashinsa na cikin lasisi. Tun daga JUCE 8 na 2024, ko dai ka saki kod ɗinka a ƙarƙashin AGPLv3, ko ka shiga lasisin kasuwanci, wanda ke da matakin kyauta ga mai ƙaramin kuɗin shiga da matakan biya a sama. Karanta sharuɗɗan da idonka kafin ka rubuta layin farko, domin sun sha canzawa daga siga zuwa siga, kuma wanda kuɗinsa naira ne ko sefa ya san nauyin biyan dala.

Wanda ba ya son wannan igiya yana da iPlug2 na Oli Larkin da Alex Harker, mai sassauƙan lasisi, mai kyau a Windows da macOS, har yana iya fitar da sintesaiza ta yi aiki a burauza, sai dai ƙafarsa ba ta yi ƙarfi a Linux ba. DPF na Filipe Coelho akasin haka ne: a Linux ya girma, ƙarami ne, yana fitar da LV2, VST da CLAP, amma maɓallan da zai ba ka kaɗan ne, sauran kai za ka zana. VSTGUI na Steinberg yana nan ga wanda VST3 kaɗai ya dame shi. Masu rubutu da Rust kuma suna da nih-plug.

Sai hanyar zana komai da katin hoto. Andrew Belt ya gina VCV Rack a 2017 a kan GLFW da NanoVG, domin allon da ke cike da ɗaruruwan wayoyi masu lilo da fitilu masu ƙyalli babu kayan gini na gama-gari da zai ɗauke shi cikin sauƙi. Dear ImGui na Omar Cornut ma nan ya faɗo: cikin yini ɗaya za ka sami maɓallan gwada injinka, kuma don wannan aikin ina ba da shawararsa ƙwarai. Amma yana sake zana dukan fuska a kowane bugun allo ko da babu abin da ya motsa, sai in ka hana shi da kanka. Taga goma a buɗe, fankar kwamfuta ta fara kuka, batir na zuba. Ka tuna kuma Apple ya ayyana OpenGL, tsarin zane da katin hoto, a matsayin tsohon yayi tun 2018. Yana aiki har yanzu, amma ba a gina sabon gida a kansa ba tare da an tanadi mafita ta magajinsa Metal ba.

Na ƙarshe shi ne yin fuska da HTML da JavaScript a cikin ƙaramar burauza da aka dasa a taga, abin da JUCE 8 ya sauƙaƙa. Yana jan hankali saboda masu iya zanen shafin intanet sun fi masu iya C++ yawa nesa ba kusa ba. Sai dai injin burauzar daban ne a kowane tsari, WebView2 a Windows, WebKit a macOS da Linux, kuma kowace taga na cin ma'adana sosai. Ga kwamfuta mai RAM gigabait 4, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da za ka duba da kanka

Babu kayan ginin gama-gari da ke zuwa da maɓallin murɗawa irin wanda mai kiɗa ke so. Ana ja sama da ƙasa ne, ba a zagaye ba. A riƙe Shift ko Ctrl motsin ya zama a hankali, a danna sau biyu ya koma inda ya fara. Dole kuma ya sanar da mai masauki abu uku a jere: an kama, ana motsawa, an saki. In ba haka ba, naɗar motsin maɓalli a cikin waƙa ba za ta yi daidai ba. Duba ko kayan ginin ya ba ka wannan ko kai za ka rubuta. Duba maɓallin tazara na kibod ma: furodusa na danna shi don kunna waƙa da tsayar da ita, in fuskarka ta haɗiye dannin ba ta miƙa wa mai masauki ba, zai tsane ta cikin minti biyar.

Girman fuska na biye. Da can ana yin maɓalli da jerin hotuna, kowane juyi da hotonsa. A allo mai yawan ɗigo sai ya fito ɗan mitsitsi ko ya yi dishi-dishi. Zanen layi irin na SVG, wanda ake faɗaɗawa ba ya lalacewa, shi ya fi kwanciyar hankali, kuma fayil ɗin ya fi sauƙin saukewa ga mai sayen data.

Ga wanda ke nufin situdiyoyin Kano, Kaduna, Jos ko Zinder, akwai gwajin da takardun bayanin kayan ginin ba za su tuna maka da shi ba. Rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a sunan sauti ka adana, ka rufe, ka sake buɗewa a wani tsarin. Waɗannan haruffa ba sa cikin rukunin Latin na farko a Unicode, ɓ da ɗ ma a sashen haruffan furuci suke, don haka salon rubutu da yawa ba su da su, sai ka ga akwati ko alamar tambaya. Salon da Dear ImGui ke zuwa da shi ba shi da su. Maganin shi ne ka dasa naka salon a cikin manhajar, kamar Noto Sans ko Andika. Ajami ya fi wuya, domin daga dama yake tafiya kuma haruffa na canza siffa in sun haɗu. Qt ya daɗe da iya wannan, JUCE sai a siga ta 8 ya samu ta hanyar HarfBuzz, ƙananan kayan gini da yawa kuwa ba su iya ba sam. Ƙungiyar SIL na da salon Alkalami da aka yi bisa rubutun Kano, da Harmattan, amma salo kaɗai ba ya isa in injin jera haruffan babu.

Kada ka manta da makafi. Akwai su cikin masu kiɗa da masu haɗa sauti, kuma fuskar da aka zana da hannu shiru take ga manhajar karanta allo sai in kayan ginin ya bayyana mata sunan kowane maɓalli da ƙimarsa. JUCE ya kawo wannan a siga 6.1 a 2021, kuma Surge XT ta nuna cewa babbar sintesaiza na iya zama abin da makaho zai sarrafa da kibod kaɗai. Ƙara wannan daga baya a kan zanen da ka yi da kanka aiki ne mai tsawo.

Gwajin mako ɗaya

Idan jerinka ya ragu zuwa biyu, daina karatu ka gina abu ɗaya da kowannensu: injin da ke fitar da amo guda, maɓallin murɗawa ɗaya, mita, zanen igiya mai motsi, da gurbin rubuta suna. Haɗa shi a dukan tsarin da kake nufi tun a makon farko, da CMake in zai yiwu, domin matsalar haɗawa a tsari na uku ba ta bayyana sai an gwada. A Linux ka sani cewa dasa tagar fulogin galibi a kan tsarin taga na X11 ya dogara, ko da kwamfutar Wayland take amfani da shi.

Sannan nemi kwamfuta mafi rauni da masu amfani da manhajarka za su iya riƙewa, tsohuwar laftof ta hannu mai katin hoto na Intel da ke haɗe da uwar allo, irin wadda ta cika kasuwa. Cire ta daga caji. Sauke ƙunshin sauti zuwa 64, sa abin ji a kunne, ka buɗe kwafi ashirin na fulogin ɗin a REAPER, tunda tana aiki a tsarin uku duka, sannan a FL Studio, tunda ita ce a hannun mutane da yawa. Riƙa jan taga, kana faɗaɗa ta, kana rufewa kana buɗewa da sauri, kunnenka na kan sautin. Loda tsohuwar siga da sabuwa a waƙa ɗaya ka ga ko za su zauna lafiya. Bar tagar a buɗe ba ka taɓa komai ba, ka duba nawa take ci daga ƙarfin kwamfuta: fuskar da ba ta motsi bai kamata ta ci abin a zo a gani ba. Daga nan ka bi da pluginval, manhajar gwaji ta kyauta daga Tracktion, wadda ke buɗe fuska ta rufe, ta jefa wa ma'aunai ƙimomi barkatai daga zare daban-daban don ta tono inda zai faɗi.

Ka rubuta sakamakon kowanne a takarda: sau nawa ka ji ƙas, daƙiƙa nawa taga ke ɗauka kafin ta buɗe, girman fayil ɗin da mutum zai sauke, da layin kod nawa maɓalli ɗaya ya ci. Idan sun yi kunnen doki, ɗauki wanda masu kula da shi suka fi saurin amsa rahoton matsala a watannin baya, domin Apple da Microsoft ba za su daina canza tsarinsu ba, kuma ranar da suka canza, gyaran daga hannun waɗannan mutanen zai fito.